Yadda ake gane mindar sojan Wales, a gano mai ita, a adana ta

A gidanmu akwai wani tsohon gwangwanin taba da kakana ya bari, cikinsa da minda ta tagulla mai siffar tauraro, wadda aka ba waɗanda suka je Yaƙin Bama. Ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan lemo. Na sha juya ta ina neman sunansa, babu. Lambobin yabon da Birtaniya ta raba wa sojojinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu haka nan ta ba da su, ba suna ba lamba. Shi ya sa ranar da na fara riƙe mindar Yaƙin Duniya na Ɗaya a wata rumfar kayan da a Cardiff, babban birnin Wales ta Birtaniya, na ga an buga sunan mutum da lambarsa da rundunarsa a gefenta, sai da jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar nake tara na sojojin ƙasa na Wales. Abin da nake biya kuɗi a kansa shi ne mutumin da sunansa ke gefen, ƙarfen kuwa shaida ce kawai. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: San rundunonin kafin ka taɓa aljihu

Manyan rundunonin ƙasa na Wales na wancan zamani uku ne. Royal Welch Fusiliers, wadda aka kafa a 1689, ta fi jan mutanen arewacin Wales, kuma ana gane sojanta da baƙaƙen ƙyallaye biyar da ke lilo a bayan wuyan rigarsa. Sai South Wales Borderers mai mazauni a Brecon, wadda kafin 1881 ake kira Runduna ta 24. Sai Welch Regiment ta Cardiff, wadda aka samar a 1881 da aka haɗe ta 41 da ta 69. Bayansu akwai Monmouthshire Regiment ta sojojin sa-kai, da Welsh Guards da aka kafa a 1915. A 1969 Borderers da Welch suka zama ɗaya, a 2006 kuma aka haɗa su da Fusiliers aka sami The Royal Welsh ta yanzu.

Shawarata ka zaɓi ɗaya, ko ma bataliya ɗaya a cikin ɗaya. Wanda ya ce zai tara komai, kuɗinsa za su ƙare bai san kowa ba. Ni na tsaya ne a kan babbar runduna ta 38, wato gungun bataliyoyi daga waɗancan rundunonin, wadda aka tara daga 'yan sa-kai na Wales: masu haƙar kwal, masu fasa dutse, akawuna da manoma. Su ne aka tura dajin Mametz a fagen Somme na Faransa daga 7 zuwa 12 ga Yulin 1916, suka ƙwace shi daga Jamusawa bayan an kashe ko an raunata kusan mutum 4,000 a cikinsu. Wani ya fi son ta 53 da ta je Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915 sannan ta yi yaƙin Gaza a 1917. Wani kuma bataliya ta 2 ta Borderers yake bi, wadda ta yi yaƙi tare da Japanawa a Tsingtao ta ƙasar Sin a 1914, ta sauka Gallipoli a 25 ga Afrilun 1915, sannan ta sha wuta a Beaumont Hamel, a fagen Somme, ranar 1 ga Yulin 1916.

Ka kuma sani cewa ba duk sojan rundunar Wales ne ɗan Wales ba. Turawan Ingila da yawa sun yi aiki a cikinsu, musamman da yaƙi ya yi nisa aka fara cike gurbi da duk wanda aka samu.

Mataki na 2: San lambobin yabon da ido

Na Yaƙin Duniya na Ɗaya da za ka fi cin karo da su huɗu ne.

Tauraron 1914 na tagulla ne, an ba wanda ya taka Faransa ko Beljiyom tsakanin 5 ga Agusta da 22 ga Nuwamban 1914. Kimanin 378,000 aka bayar, yawanci ga sojojin da suke cikin kaki tun kafin yaƙi. Idan ka ga ɗan ƙarfe a ɗinke bisa ƙyallen ɗauke da waɗannan ranaku biyu, alama ce cewa mai shi ya shiga inda harsashi ke kaiwa.

Tauraron 1914-15 kamarsa ɗaya da na farko, bambancin yana rubutun tsakiya. An ba wanda ya isa kowane fagen daga kafin ƙarshen 1915 amma bai cancanci na farkon ba, kuma sun haura miliyan 2. Mutum ba ya samun duka biyun.

Mindar Yaƙi ta Birtaniya azurfa ce, faɗinta milimita 36. Gaba kan Sarki George na Biyar ne ba hula, baya kuma mahayin doki yana tattake garkuwa da ƙoƙon kai. Ƙyallenta ruwan lemo ne a tsakiya da layukan fari da baƙi da shuɗi. An buga kusan miliyan 6 da rabi.

Mindar Nasara ta tagulla ce mai sheƙi, da mace mai fukafukai a gaba, ƙyallenta launin bakan gizo. Idan akwai ɗan ganyen tagulla a kan ƙyallen, an ambaci sunan sojan a rahoton kwamanda.

Ka riƙe wannan ƙa'ida, don za ta cece ka: ba a taɓa ba da tauraro shi kaɗai ba, ba a kuma ba da ta Nasara ita kaɗai ba. Mai tauraro yana da uku. Wanda ya isa fage daga 1916 yana da biyu, ta azurfa da ta Nasara. Ta azurfar ce kawai ake iya samu ita ɗaya, misali ga sojan da ya yi zaman tsaro a Indiya. Saboda haka in aka miƙo maka tauraro tilo, 'yan'uwansa biyu sun ɓata ne ko suna hannun wani. Yawanci ta azurfar ce ke ɓacewa, domin an narkar da su da yawa lokacin da azurfa ta yi tsada a wajajen 1980.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke tafiya tare da su. Ɗaya faifan tagulla ne mai faɗin kusan santimita 12 da ake aika wa iyalin wanda ya mutu. Suna kaɗai ke jikinsa, babu muƙami, don kada a fifita hafsa a kan farabiti. Ɗayan bajen azurfa ne da aka fara bayarwa a 1916 ga wanda aka sallama saboda rauni ko ciwo, yana da tasa lamba a baya wadda ake iya bi a rajista. Na jarumta irin su Military Medal da aka ƙirƙiro a 1916, da Distinguished Conduct Medal, ka bar su tukuna sai idonka ya buɗe. Victoria Cross kuwa, wadda ita ce mafi girma a lambobin jarumta, ta gidajen tarihi ce da manyan attajirai.

Mataki na 3: Karanta gefen

Nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. A kan tauraro rubutun yana baya, a kan masu zagaye kuma yana gefe. Jerin shi ne lambar soja, muƙami, harafin farko na sunan yanka, sunan gida, sai runduna a taƙaice. PTE. farabiti ne, CPL. kofur, SJT. saje. Hafsoshi ba a sa musu lamba. Fusiliers za ka ga R.W. FUS., Borderers S. WALES BORD., ta Cardiff kuma galibi WELSH R., domin sai a 1920 hukuma ta amince da rubutun Welch. Yi hattara da R.W. KENT R. da R. WAR. R., waɗannan na Ingila ne, kuma na ga dillalin da ya jera su cikin na Wales.

A nan ne matsalar Wales take. Sunayen gida a ƙasar kaɗan ne: Jones, Williams, Davies, Evans, Thomas, Roberts. Kamar ka shiga kasuwar Kurmi ka ƙwala kiran Malam Musa ne. A bataliya guda sai ka sami Jones da dama masu harafin farko iri ɗaya, har sojojin kansu sukan kira juna da lambobin ƙarshe. A Rorke's Drift ta Afirka ta Kudu, a yaƙin Zulu cikin Janairun 1879, inda aka ba da Victoria Cross 11, bakwai daga ciki ga Runduna ta 24, biyu daga masu karɓar Jones ne: William Jones mai lamba 593 da Robert Jones mai lamba 716. Ba don lambar ba da tarihi ya cuɗe su. To kai ma lambar ce igiyarka. Kada ka yarda da wani bayani a kan mai minda sai lamba da runduna sun dace.

Ita ma lambar tana da tarko. Kafin 1920 kowace runduna da nata lissafin, har wani lokaci bataliyoyi biyu na runduna guda su ba mutum biyu lamba ɗaya. A 1917 kuma aka sauya wa sojojin sa-kai na yankuna lambobinsu zuwa masu alƙalumma shida, saboda haka mutum ɗaya zai iya fitowa da lamba biyu a takardu. Haka muƙami: tauraro yana ɗauke da muƙamin da soja ya shiga fage da shi, sauran biyun kuma mafi girman da ya kai. In ka ga farabiti a tauraro, saje a ta azurfa, ba jabu ba ne, mutumin ne ya ci gaba.

Mataki na 4: Gwada ko an taɓa ta

Zan daɗe a nan, don a nan na ƙone. Shekarata ta biyu da farawa na sayi ta azurfa daga wani mai sayarwa a intanet, hoto ɗaya kawai ya sa, ya ce ta wani ne da ya mutu a Mametz. Da ta iso na aza ta a kan wata da nake da tabbacinta, sai na ga ta ɗan fi ta ƙanƙanta, gefenta kuma ya lafe ta ɓangare guda. An sa magagari an goge sunan asali, aka sassaƙa na mamaci don kuɗin ya ninka. Kuɗina ba su dawo ba, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne sojan farko, wanda aka kankare sunansa har abada.

Ga abin da nake dubawa yanzu. Na farko, haruffan asali na wannan yaƙin da inji aka buga su, an danna su cikin ƙarfen, zurfinsu kusan ɗaya, ba su da ado. Wanda aka sassaƙa da hannu za ka ga bakin harafin yana da kaifi, yana siririta a ƙarshe. Na biyu, auna faɗin da ma'aunin makanikai ta wurare uku ko huɗu. In wani wuri ya gaza milimita 36 sosai, an ci gefen. Na uku, karkata ta a hasken taga ka bi gefen da ido. Tsagin magagari ba ya ɓuya, kuma wani lokaci inuwar tsohon harafi tana leƙowa ƙarƙashin sabo. A kan tauraro duba ko tsakiyar bayan ya lotsa kamar cokali.

Akwai kuma wadda gaba ɗayanta kwaikwayo ce, an zuba ta a mazubi. Fuskarta tana da ƙananan ramuka kamar bayan lemo, gashin sarki da ƙafar doki sun dushe, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Masu gaskiya suna buga COPY a jikin tasu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara sayen ɗaya mai araha daga sanannen dillali, ta zama ma'auninka. Hannun da ya saba da ta gaske yana jin jabu tun kafin ido ya gani.

Sabon ƙyalle ba laifi ba ne, ana sauya shi. Amma in tsohon yana nan, ko ya koɗe, kada ka yar.

Mataki na 5: Bi mutumin cikin takardu

Fara da katin minda. Ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew tana da su a rukunin WO 372, kuma ana neman su ta intanet da suna da lamba. Katin zai nuna maka lambobin yabon da sojan ya cancanta, rundunonin da ya zauna, kuma in yana da tauraro, ranar da ya shiga fage. Fagen ma da alama ake rubuta shi a katin: 1 tana nufin Faransa, 2B kuma Gallipoli. Idan na ga ɗan Fusiliers ko Welsh da ya sauka Faransa a Disamban 1915 nakan gyara zama, domin a watan ne ta 38 ta ƙetara.

Katin zai tura ka zuwa babbar rajista, WO 329, wadda sau da yawa take faɗin bataliya. Da ka sami bataliya, nemi littafin da hafsoshinta ke rubuta abin da ya faru kowace rana, a WO 95. Da wuya ka ga sunan farabiti a ciki, amma za ka san ƙauyen da suka kwana, ƙarfe nawa suka fita daga rami, mutum nawa suka dawo. Fayil ɗin sojan kansa yana WO 363 in ka yi sa'a, domin kusan kashi 60 cikin 100 sun ƙone lokacin da Jamusawa suka jefa bam a ma'ajiyarsu a Landan cikin Satumban 1940. Waɗanda suka tsira ma za ka ga gefen takardun a babbake. Shafukan Ancestry da Findmypast suna da hotunan da yawa daga cikin waɗannan, amma da biya.

In ya mutu a yaƙi, shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila kyauta ne, zai ba ka rana da wurin kabari. Mutanen Mametz da yawa suna maƙabartar Flatiron Copse da ke gefen dajin, waɗanda ba a ga gawarsu ba kuma sunansu na bangon tunawa da ke Thiepval cikin sunaye sama da 72,000. In lambar jarumta ce, dole ta fito a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati.

Wurin da na fi so shi ne tsofaffin jaridun Wales da Babban Ɗakin Karatu na ƙasar da ke Aberystwyth ya sa a intanet kyauta, har zuwa na 1919. Jaridun ƙananan garuruwa sun riƙa buga wasiƙun sojoji, da hotunansu, da sunan ramin kwal ɗin da suka bari, da majami'ar da aka yi musu addu'a. Wasu da harshen Wales aka rubuta su, amma suna da lamba ba sa buƙatar fassara. A nan ne baƙin ƙarfe yake komawa ɗan wani. In ka maƙale, rubuta wa gidajen tarihin rundunonin: na Fusiliers a ganuwar Caernarfon, na Borderers a Brecon, da Firing Line a ganuwar Cardiff.

Mataki na 6: Saye

Minda biyu na farabiti da ya dawo gida lafiya ba su wuce 'yan gomomin fam ba. Kuɗi na hawa ne in mutumin ya mutu a sananniyar rana, ko hafsa ne, ko akwai hoto da wasiƙu. Gidajen gwanjo irin su Noonans da Spink a Landan suna barin sakamakon tsofaffin gwanjonsu a intanet, duba su ka san farashi kafin ka taya. Ka tuna ana ɗora ladan gidan a kan kuɗin da aka buga guduma, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuɗin aikowa. Kada ka saya sai ka ga hoton gefen gaba ɗaya, ka kuma duba katin tukuna. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton gefe ya riga ya ba ka amsa.

Roƙona ɗaya: kada ka raba abin da ya zo tare. Uku na mutum ɗaya su zauna tare, da takardunsa, ko da an taya maka ɗaya da tsada.

Mataki na 7: Adanawa

Kada ka goge ta da man goge ƙarfe, balle toka da lemon tsami irin yadda muke wa faranti. Duhun da azurfa ta yi da shekaru kariya ce, kuma guga tana cinye haruffan da ka saye ta dominsu. In datti ya yi yawa, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi da burushi mai laushi sun isa, ba tare da ƙyallen ya jiƙe ba, sannan ka busar sarai. Riƙe ta ta gefe. Kada ka bar ta cikin leda mai laushi, tana sa tagulla ta yi kore. Ambulan takarda mara sinadari ya fi, kowace da nata don kada su goga juna, ka jefa 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, musamman da damina. Rana tana kashe launin ƙyalle, saboda haka in za ka rataye a bango, nesa da taga. Jerin daga hagun mai kallo shi ne ta jarumta, tauraro, ta azurfa, ta Nasara. Ba a sa mindar wani a ƙirji kamar taka. Ko a Birtaniya jika yakan sa ta kakansa ne a dama, ranar tunawa kawai.

In ka waiwayi baya ko gaba

Akwai wurare biyu da hanyar sojojin Wales ta haɗu da ta Hausawa. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a ƙasar Ghana ta yau, bataliya ta 2 ta Fusiliers tana cikin rundunar Janar Wolseley da ta shiga Kumasi, yayin da Kyaftin Glover ya biyo ta gabas da dakarunsa na Hausawa. Mindar wannan yaƙin azurfa ce, wasu da ɗan ƙarfe mai rubutun COOMASSIE, kuma sunayenta da hannu aka sassaƙa tun asali, don haka ƙa'idar inji ta mataki na 4 ba ta hau kanta ba. Sai Bama: bataliya ta 1 ta Fusiliers ta yi yaƙin Kohima, a Indiya kusa da iyakar Bama, a 1944, a shekarar da sojojin Afirka ta Yamma na babbar runduna ta 81 suke kwarin Kaladan na Bama. Tauraro iri ɗaya aka ba su duka.

Na Yaƙin Duniya na Biyu, tun da ba suna, abin da ke ɗaure su da mutum shi ne kwalin da aka aiko su a ciki mai adireshi, da 'yar takardar da ke ciki, da littafin albashin soja. In babu waɗannan, ka biya kuɗin ƙarfe kawai, duk labarin da dillali zai ba ka. In kuwa akwai irinta a gidanku, je wurin tsofaffin da suka rage tun suna nan, ka tambayi sunan da aka ɗauke shi soja da shi, don sau da yawa ba shi ne sunan da gida ya sani ba, da garin da aka ɗauke shi, da lambarsa in wani ya riƙe. Ni gwaggona ce ta tuna mini rabin lambar kakana, sauran na samo a bayan wani tsohon katin fansho. Na rubuta duka a takarda da fensir, domin tawada tana zuba, na naɗe na sa cikin gwangwanin tare da tauraron.